Sama'ilan da Na Ƙirƙiro

Talata, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Wata mata ta zo gidan Inna yau da hantsi, ta tsaya a zaure ta ƙi shigowa. Ta ce sunanta Salamatu, daga Gabi take, Malama Rashida mai anket, mai yi wa mutane tambayoyin bincike, take nema. Na fito da fara'ata, a zatona irin matan nan ne da ke jin an ce ni dokta ce su taho min da ciwon baya. Ban gama gaisuwa ba ta ce masu kaki sun tafi da mijinta tun ran Asabar, a gona suka ɗauke shi, hauya na hannunsa. Ta ce an gaya mata ni na rubuta shi.

Na tambayi sunan mijin. Ta ce Sama'ila, Sama'ila mai amalanke.



Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juyawa. Bara na yi bincike a ƙauyukanmu na bakin iyaka kan yadda manoma ke rayuwa tsakanin hukuma da mutanen daji masu bindiga. Aikina ke nan tun da na gama karatu, shi nake koyarwa a jami'a: manufofin kula da jama'a, haƙƙin ɗan Adam, da abin da buɗewar duniya ke yi wa talaka. Cikin waɗanda na yi hira da su akwai mutum guda da ya faɗa min abin da kowa ke haɗiyewa, cewa yana kai wa mutanen daji esansi, wato man fetur, da burodi a kan tilas, don su bar shi ya noma gonarsa, su bar masa iyalinsa. Na yi masa alkawari sunansa ba zai fito daga bakina ba. Da na zo rubuta rapor, rahoton binciken, sai na bi ƙa'idar aikinmu, wadda nake cusa wa ɗalibai duk shekara: sauya suna, sauya gari, sauya sana'a. Na ce Sama'ila, don ba Sama'ila ko ɗaya cikin waɗanda na yi hira da su. Na ce Gabi, don ban taka Gabi ba a aikin. Na ce mai amalanke, don shi mai maganar moto, wato babur, gare shi.

Ashe a Gabi akwai Sama'ila, kuma yana da amalanke. Shi kaɗai ne ma.

Laraba, 9 ga Yuli, da azahar

Na je buron masu kaki, ofishinsu na nan gari, da sassafe, rapor a jaka, katin aikina a hannu, raina kwance cewa kafin azahar an gama. Kuskure ne, za a yi bayani, a yi dariya, mutum ya koma gonarsa. A kan kabu-kabu har ina shirya yadda zan ba ɗalibai labarin in an koma karatu.

Wanda ya karɓe ni mai tabarau ne, mai ladabi, ya sa aka kawo min ruwan sanyi. Ya saurare ni bai katse ni ba. Na yi masa lacca sosai kan ɓoye sunan mai ba da shaida, yadda ake yi ko'ina a duniya, har da yarjejeniyoyi na jero masa, Allah ya yafe min surutu. Da na gama ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Na gane, Madam. Kin ce ba wannan ba ne. To wane ne?"

Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce shi ma ba zai iya sakin na hannu ba, tunda takarda ta ce Sama'ila, ta ce Gabi, ta ce amalanke, kuma ga Sama'ila ga Gabi ga amalanke. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa ban taɓa ganin mutumin nan ba. Ya ce ya yarda ba sai na dafa ba, amma na sama da shi ba rantsuwa suke nema ba, mutum suke nema.

Na roƙa in ga Sama'ilan. Ya ce ba a ganinsa.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Na gano hanyar da maganar ta bi. Cibiyar Turai da ta ɗauki nauyin binciken ta sa rapor ɗin a intanet da Faransanci. Wata tashar radiyo ta waje ta tsinci wurin nan ta karanta shi da Hausa. Wani ya yanke muryar ya tura ta waya, ta zaga Maraɗi, ta shiga Najeriya, ta dawo, ta sauka a kasuwar Gabi. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina bayyana wa 'ya'yan mutane yadda duniya ta dunƙule ta zama ƙauye guda. To ga shi ta dunƙule ɗin, ta faɗo a kan mai jaki.

Ƙa'idar nan a manyan birane aka yi ta, inda in ka ce wane mai taksi ka ce mutum dubu. A nan in ka faɗi suna da gari da sana'a, ka kai mutane ƙofar gida ke nan. A garin nan aka yanke min cibiya, na fi kowa sanin haka. Amma da na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, da kan da na aro a Turai na yi tunani. Haushin kaina nake ji, ko abinci ba ya shiga.

Salamatu ta dawo. Ta sauka wurin wata 'yar'uwarta a bayan tasha, yaranta kuma ta kai su gidan iyayenta, don ba hukuma kaɗai ke jin radiyo ba, mutanen daji ma suna ji. Ta ce ba ta komawa Gabi sai da shi.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan Magariba

Kawu Garba bai zo ba. Tun rasuwar Baba, duk Juma'a yakan taho daga Safo a motonsa, in an sauko masallaci ya biyo ya ci tuwo wurin yayarsa, su yi ta gardama kan wanda ya fi tsufa a fuska. Inna ta ajiye masa kwanonsa har ya huce. Ta ce wataƙila ruwa ne ya ɓata hanya. Ba a yi ruwa ba yau.

Asabar, 12 ga Yuli, da yamma

Salamatu ta zo. Ba a sake shi ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan Azahar

Na kira Habibu, abokin aikina a sashenmu, wanda muka yi karatu tare a waje. Ya ce kar in kuskura in ba da suna, in na bayar babu ɗan ƙauyen da zai ƙara buɗe wa mai bincike baki a ƙasar nan. Kamar ban sani ba. Ya ce zai tara sa hannun malamai a rubuta takardar goyon bayana. Na ce Habibu, ba ni ke kulle ba. Ya ce ai shi ya sa, sai an matsa lamba. Sai ya sassauta murya ya tuna min takarduna na ƙarin girma suna gaban kwamiti bana, in yi hattara da duk abin da zan sa wa hannu.

Farfesar da ta jagoranci aikin daga Turai ta amsa min saƙo. Ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, tana tare da ni, ta tafi hutu bakin teku amma za ta duba in ta dawo. Na fassara wa Inna. Inna ta ce, "Allah sarki, ta gaji ne." Ban sani ba ko ba'a take. Da Inna ba a taɓa sani.

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

Salamatu kullum da hantsi take zuwa. Ta zauna a zaure, baya a bango, ta miƙe ƙafafu. Ba zagi, ba kuka, ba roƙo. Da ta zage ni da na ji sauƙi, don faɗa na iya, duk sashenmu sun san bakina. Inna ta kai mata fura ta ce ta ƙoshi. Ruwa kawai take karɓa, shi ma sai daga hannun Inna. In zan fita ta janye ƙafafunta a hankali, ta ce a dawo lafiya. Wannan a dawo lafiyar ita ke bina duk inda na je.

Yau na tsuguna na tambaye ta gona. Ta ce hatsi ya kai gwiwa, ciyawa ta fi shi. Na ce ba a yi musu gayya ba? Don a ƙauye in mai gida ya kwanta ciwo ko wani abu ya same shi, maƙwabta ke haɗuwa su nome masa. Ta dube ni ta ce, "Wa za ya shiga gonar wanda anka ce shina kai ma mutanen daji kaya? Ko gaisuwa ta bayan darni ake muna ita."

Na ce zan ɗauki 'yan ƙwadago. Ta ce ba za su je ba, kuma ko za su je ba ta so.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ta zo a jiƙe. Ba a sake shi ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan Magariba

Kawu bai zo ba. Inna ba ta ajiye kwano ba, ba ta kuma yi zancen hanya ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Na je Maraɗi wurin wani lauya da Habibu ya haɗa ni da shi. Ya ce maganar tsaro ba ta bin hanyar da na sani a littafi. Ya ce ya ji ana shirin kwashe waɗanda aka tara a wuce da su Yamai kafin wata ya ƙare, kuma in aka wuce da mutum, sai dai iyalinsa su koyi haƙuri. Ni da na rubuta babi guda cur kan tsare mutane ba shari'a, na zauna ina gyaɗa kai kamar yau na fara jin labarin.

Da na dawo na sa mai moto ya sauke ni bakin tafki. Ya cika maƙil. Masunta na shanya koma, mata na suyar kifi, wani na rigima kan an taka masa raga. Ba abin da ya dami kowa. Na tsaya har sauro ya kore ni, don kawai kar in isa gida Salamatu ta janye ƙafafunta in wuce.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan La'asar

Na ce wa Inna zan je ganin wata ɗaliba. Na je wurin mai maganar. Ba zan rubuta sunansa ba, ko a nan.

Na same shi bayan gida yana kwance moto da ba abin da ya same shi. Ya rame. Muka zauna gindin itacen bedi inda ba mai jinmu. Ban roƙe shi komai ba. Na dai faɗa masa akwai mata a zaurenmu, akwai gonar da ciyawa ke ci, akwai motar Yamai. Ya ce duk ya ji. Ya ce ranar da aka kunna muryar a majalisarsu, nan take ya gane kalamansa, har da inda ya ce esansin da zai kai matarsa asibiti da shi ne ya kai daji. Ya zauna cikin mutane ana tsine wa Sama'ila, shi ma ya ce Allah wadai don kar a dube shi. Da ya faɗi wannan ya rufe fuska da hannun riga. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar rasuwar Baba.

Ya ce, "Rashida, ke kinka ce amana. Don ke ce na hwaɗi, da wani ne ko da wuƙa ba ni buɗa baki. In kin ba da sunana, hukuma ta ɗauke ni da rana, waɗancan su zo ma iyalina in rana ta hwaɗi, don na tona su. Ban hana ki ba. Amma ki hwara zuwa ki kwashe min ɗiya."

Na tambaye shi ko har yanzu yana kaiwa. Ya ci gaba da murza wani ƙarfe a jikin moton.

Da na dawo Inna na tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin iske ƙanen nawa lahiya?" Na ce ɗaliba na je gani. Ta ce to, ɗalibar ta rame ko? Na shige ɗaki.

Talata, 22 ga Yuli

Ban fita ba. Na ji sallamar Salamatu, na ji Inna ta amsa.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan Magariba

Inna ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado, abin da ba ta yi. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Shi kaɗai ya rage min cikin ɗakinmu. Kuma matar ga tana zaure. Ke kinka yi boko, ke kin san yadda za ki yi." Ta tashi ta fita.

Ke kika yi boko. Kowa in abu ya gagare shi sai ya jingina wa bokona. Na ji kamar in bi ta in ce bokon nan ban tsince shi a hanya ba. A unguwar nan ni ce mace ta farko da ta wuce lise, wato babbar sakandare. Na zauna a ƙasar da rana ke faɗuwa tun kafin la'asar, ina wanke kwanuka a gidan abinci da rana ina rubuta tez, kundin digirina, da yamma, yatsuna sun ƙage don sanyi. Aurena ya mutu a hanya, ban tsaya makoki ba. Ba ni da gida, ba ni da fili, ba ni da garke. Abin da na tara duka shi ne in na rubuta abu na sa sunana a ƙasa, a yarda haka yake. Shi ne gonata.

Ban bi ta ba. Ba ni da abin da zan ce mata wanda ba ta sani ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da azahar

Mai tabarau ya aiko a kira ni. Ruwan sanyi kamar wancan karon. Ya ce motar Yamai za ta tashi farkon mako mai zuwa, sunan Sama'ila na ciki. Ya ce ya lura ba zan ba da suna ba, kuma bai ga laifina ba. Sai ya ce akwai hanya ta biyu. In babu mai magana, babu laifi. In rubuta cewa hirar nan ba a taɓa yin ta ba, ni na ƙirƙire ta don rapor ya yi armashi. In sa hannu, sannan in faɗa da bakina a radiyon gari, da Hausa, don ta inda maganar ta shiga kunnuwa ta nan za ta fita.

Na ce ya san sunan wannan a aikinmu? Ya ce ya sani, shi ma ya yi jami'a. Ya ce, "Ban ce ki yi ba, Madam. Na ce akwai ta."

Ba yarinya ba ce ni, na ga abin da suka gani. Rapor da ya ce manoman bakin iyaka ba su da mai kare su zai zama tatsuniya, kuma mai shi ce za ta faɗa. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce in gaida Inna. Tsanar ladabinsa nake ji fiye da in da ya daka min tsawa.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Habibu ya taso daga Maraɗi takanas. Muka zauna a motarsa don kar a ji. Ya ce haukacewa na yi? Ya ce ba kaina kaɗai zan kashe ba. Duk matan da suka ba ni labarin yadda aka kore su daga gonakinsu, duk dattawan da suka yarda suka yi magana, in na ce guda ƙarya ne to duka sun zama ƙarya. Ya ce gobe in wani ya rubuta gaskiya kan yankin nan, da ni za a rufe masa baki. Duk abin da ya faɗa daidai ne, da ni ce a kujerarsa da na fi shi zafi.

Na bar shi ya gama, na ce to ba ni hanya ta uku. In ba da suna, ko in ƙaryata kaina, ko me? Ya ce sa hannun malamai ya yi yawa yanzu, har na waje sun shigo. Na ce mota na tashi farkon mako, sa hannun zai tare hanya? Ya kama sitiyari ya yi ta kallon gaba.

Da zai tafi ya ga Salamatu a zaure, ya tambaye ni ko ita ce. Na ce ita ce. Ya gaishe ta da ladabi, ya shiga mota da sauri.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Na buɗe ordinatar in rubuta. Na rubuta sunana da muƙamina. Na rufe.

Lahadi, 27 ga Yuli, da yamma

Yau Salamatu ta yi min magana ba tare da na fara ba. Zan wuce, ba ta janye ƙafafun ba. Ta ce, "Malama, ni dai tambaya guda. Cikin duk sunayen duniya, mi ya sa nashi?"

Na ce babu dalili, sunan ne kawai ya zo min.

Ta ce, "Haka kawai?"

Na ce haka kawai.

Ta gyaɗa kai ta janye ƙafafun. Ina jin da na ce gaba ce tsakaninmu, ko wani ya biya ni, da ta fi samun inda za ta ajiye abin a ranta. Na koma ciki na buɗe ordinatar, na rubuta har ƙarshe ban tsaya ba. Bai kai shafi ba.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan Azahar

Na sa hannu. Na je radiyo. Ɗakin ƙarami ne, fanka ta mutu, mai gabatarwa ya ce in matso kusa da makirfo. Na karanta. Muryata ba ta yi rawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, na karanta shi tiryan-tiryan kamar ina ba da darasi.

Inna ta saurara a tsakar gida. Da na shigo ta kashe radiyon, ta zuba min ruwa a buta.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

Mota ta tashi, ba shi a ciki. Amma ba a sake shi ba, wai sai takarda ta je sama ta dawo.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Ga saurin duniya kuma. Muryata ta bi hanyar da waccan ta bi, ta ma fi ta gudu. Farfesa ta dawo daga bakin teku a rana guda. Ta ce ta yi mamaki matuƙa, cibiya ta sauke rapor ɗin daga intanet, za kuma a sake duba duk abin da na taɓa rubutawa da su. Taron da aka gayyace ni in yi jawabi kan haƙƙin mazauna iyaka, sun ce jadawali ya cika. Daga jami'a an ce in bayyana gaban kwamiti in an koma, ba kwamitin da nake jira ba. Habibu ya daina tara sa hannu. Ya aiko min da addu'a.

Ɗaya daga ɗalibaina ta rubuto ta ce ita ba ta yarda ba, in gaya mata gaskiya. Na goge saƙon ban amsa ba. Na yi kuka, na farko tun da abin ya fara.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan La'asar

A kasuwa na hangi wata tsohuwa 'yar garin Sarkin Yamma da na wuni a gidanta bara, ta ba ni labarin ɗanta da bai dawo ba. Ta gan ni. Ta juya tana taya kuɓewa har na wuce.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan Magariba

Kawu Garba ya zo. Ya ci tuwo, kansa a ƙasa. Ba su yi gardamar tsufa ba. Da zai hau moto ya ce min, "Allah shi yi miki albarka." 

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

An saki Sama'ila. Zaure ba kowa.

Laraba, 6 ga Agusta, da azahar

Sun zo sallama kafin su wuce Gabi. Yau na fara ganin fuskarsa. Gajere ne, siriri, furfura a gemu, yana ɗingishi. Salamatu ta ce a da ba ya yi. Ita ta shiga ciki gaida Inna, ta bar mu a zaure.

Ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce an gaya masa ni na fiddo shi, ya gode. Na ce ni na shigar da shi, ya yafe min. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, da sauƙi kamar na taka masa ƙafa a kasuwa. Na zaci shi ke nan. Sai ya leƙa waje, ya rage murya.

"Malama, a can ciki sun yi ta kunna min muryar ga ta hwarko. Na ce ban taɓa ba, na yi ta hwaɗi har sunka gaji. Amma ina saurare ina cewa cikin raina, wanga mutum ina ya san ni? Don a wajenmu duk mai gona gehen daji babu wanda bai kai ba. Masu gudun gonata ma sun kai."



Ya ce da aka fara karanta maganar a radiyo, su a ƙauye sun zaci an ji ke nan, za a zo a duba su. Sai aka zo aka ɗauke shi. Ya ce, "To yanzu ni na ce ba a yi ba, ke ma kin ce ba a yi ba." Bai faɗa da zafi ba, kamar mai ba da labarin damina ya faɗa.

Na tambaye shi mutanen daji fa, ba za su taɓa shi ba? Ya ce a'a, jiya suka aiko ta bakin wani, sun ce tunda mai rubutun ta ce ƙarya ce ba su da magana da shi. Sai dai ya makara da nasa kason, jibi suna jira.

Salamatu ta fito. Suka yi min sallama. Na tsaya bakin ƙofa ina kallonsu, ita a gaba da ƙunshi a ka, shi a baya yana jan ƙafa. Kafin tasha ya ratse wurin masu sayar da esansi a kwalba, ya tsaya yana tayawa.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Yau Sama'ila zai kai wa mutanen daji kasonsa. Na ɗauki waya in kira wani, na bi mutanen da na sani ɗaya bayan ɗaya, na ajiye. Babu mai yarda da ni. Da bakina na ce musu kar su yarda.